Ɗalibar da Ta Zagaya da Mu Tana Tafiya da Baya

Zuwa ga Shugabar Ofishin Ɗaukar Ɗalibai,
Makarantar kwana da 'yata Hafsa take karatu.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatan ofishinki da ɗalibai baki ɗaya. Ni ne mahaifin Hafsa, ɗalibarku 'yar shekara ta biyu. A unguwar Flatbush da ke Brooklyn muke zaune. Ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Brooklyn, aikin da ya koya mini in juya kwalba in karanta ƙananan rubutun baya kafin in yarda da manyan rubutun gaba. A kan maganar makarantarku ban yi haka ba, kuma shi ya jawo wannan wasiƙa.

Makon jiya takardarku ta iso. Kuna taya mu murna an zaɓi Hafsa cikin ɗaliban da za su riƙa zagayawa da iyaye masu zuwa duba makaranta, kuna kuma neman in sa hannu. Hafsa ta gaya mini an riga an ba ta iyalin farko: mutanen Nijar ne mazauna unguwar Park Hill, da 'yarsu mace. Takardar tana kan teburina, ban sa hannu ba tukuna. Kafin in sa ko in ƙi, akwai abin da zan faɗa. Kwafin Turanci zai same ki a ofis. Wannan ta Hausa na sake ta a fili ne domin iyaye 'yan'uwana. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, don 'yata tana cikinta kuma ba tonon silili na zo yi ba.

Na ɗaya: abin da muka gani.

Shekara biyu ke nan, lokacin da ganyen itatuwa ke yin ja yana zuba, muka hau jirgin ƙasa ni da Maman Hafsa da Hafsa muka zo duba makarantarku. Ni ban so zuwan ba. Malamar lissafin Hafsa ce ta matsa, ta ce yarinyar ta fi ƙarfin ajin da take ciki, kuma akwai tallafi. Na zo ne da niyyar in gani in ƙi, in dawo gida in ce ai mun duba.

Muna zaune a ɗakin jiranku, wanda kujerunsa suka fi na falona laushi, sai ga wata yarinya ta shigo da hijabi ruwan toka a kan rigar makaranta. Zan kira ta Zainabu, ko da yake ba sunanta ba ne. Ta yi sallama, ta rusuna, ta ce, “Baba, sannu da hanya. Mama, sannunku da zuwa.” Da Hausa, a cikin wannan ginin dutse, nesa da birni tafiyar awa biyu da rabi. 'Yar mutanen Ghana ce, iyayenta suna unguwar Morris Heights. Maman Hafsa ta dube ni na dube ta. Gaskiyar magana, daga wannan gaisuwar rabin aikin ofishinki ya ƙare.

Kun koya wa masu zagayenku tafiya da baya, fuskarsu na kallon baƙi suna bayani. Zainabu ta yi tafiya da bayan, amma ba ta iya ɗaga ido ta kalle ni ba. Idonta yana ƙasa, ƙafarta tana laluben hanya, sau biyu ta kusa faɗuwa a bakin matakala. Wannan ya burge ni fiye da ɗakin binciken kimiyyarku. Na ce a raina, yarinyar da ta shekara biyu a nan kunyarta ba ta zube ba, to wurin ba ya cinye tarbiyya.

Ta nuna mana ɗakin karatu, da ɗakin cin abinci, da ɗakunan kwanan 'yan mata. Sannan ta hau da mu sama ta buɗe wani ƙaramin ɗaki. Akwai darduma shimfiɗe, da wurin ajiye takalma, da kibiya a bango mai nuna alƙibla. A nan na yi sallar Azahar. Da na idar na tambaye ta ko tana jin daɗin zama a makarantar, ko ana kula da addininta. Ta ce, “Alhamdulillahi, Baba. Suna ƙoƙari.” Ban ƙara tambaya ba, don amsar da nake so ke nan.

Na biyu: abin da muka yi.

Da za mu tafi, Maman Hafsa ta ciro robar dambun naman da ta yi mana guzuri ta miƙa mata. Zainabu ta karɓa da hannu biyu, idonta ya ciko da ƙwalla. Muka ce kewar abincin gida ce. Maman Hafsa ta kama hannun Hafsa ta sa a cikin nata, ta ce, “Ga ƙanwarki nan. In Allah Ya sa ta samu, amana ce a hannunki.” Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce to.

Ina so ki fahimci nauyin wannan. A wurinku wata ƙila kalmar ban-kwana ce mai daɗi. A wurinmu kuwa da ita ake tura yaro wani gari. Ba ga gininku muka damƙa Hafsa ba, ba mu ma san ku ba. Ga Zainabu muka damƙa ta.

Sai ta roƙi abu ɗaya. Ta ce makaranta tana barin yaran da ke neman shiga su kwana ɗaya a ɗakin wata ɗaliba. Da Hausarsu ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji, ta ce, “Baba, don Allah ku bar Hafsa ya yi sleepover a room ɗina. One night kawai.” Na ce a'a. 'Ya mace ba ta kwana a gidan da ba a sani ba. Haka aka yi mini tarbiyya, haka nake yi. Bayan takardar ɗauka ta fito, ta aiko wa Hafsa saƙo ta sake roƙo. Na ce a'a. Ta kira Maman Hafsa da kanta, karo na uku. Na ce a gaya mata mun gode, ba al'adarmu ba ce. Mutumin da ya hana kwana ɗaya shi ne ya sa hannu a kan shekara huɗu, kuma a lokacin ban ga wani abin dariya a ciki ba.

Ranar da muka kawo Hafsa da akwatunanta, farkon wanda muka nema Zainabu ce. Matar da ke bakin teburin karɓar baƙi ta duba na'ura ta ce ta koma wata makaranta. Iyakar bayanin ke nan. Mun kira lambarta, an rufe layin. Da yamma muka hau jirgi muka dawo mu biyu.

Na uku: abin da Hafsa ta tarar.

Waɗannan ban san su a lokacin ba. Daga baya na tattara su, kuma na tabbatar da kowanne kafin in rubuta.

Ɗakin sallar da na yi Azahar a cikinsa ɗakin koyon kiɗa ne. Dardumar tana naɗe a bayan ƙofa. Makullinsa yana ofishin da ke tashi da yamma, kuma ba ya buɗewa Asabar da Lahadi, sai fa Asabar ɗin da iyaye ke zuwa zagaye. A banɗakin 'yan mata an manna takarda an hana wanke ƙafa a wurin wanke hannu, kuma a ɓangaren kwanansu duka mutum ɗaya ce take wanke ƙafa a wurin, don haka kowa ya san da wa ake. Abokiyar ɗakinta ta kai ƙara cewa ƙararrawar Asuba tana hana ta barci. Ban ga laifin yarinyar ba, ita ma 'yar wani ce kuma tana da jarrabawa. Mai kula da ɓangaren ta ce su sasanta tsakaninsu. Sasantawar ita ce Hafsa ta daina saita ƙararrawa.

Da azumi ya zo, akwai ranakun da ake rufe ɗakin cin abinci kafin a sha ruwa. Ana ajiye mata abinci a kwali, ya huce. Sahur burodi ne da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Wasan motsa jiki na yamma kuwa dole ne, ba a ɗage mata ba, don ba ta nema ba, kuma ba wanda ya gaya mata ana iya nema.

Duk Lahadi muna waya. Ina tambayarta da Hausa, tana amsa mini da Turanci kamar sauran yaranmu na nan: “I'm fine, Abba. Everything is fine.” Wata bakwai ina jin wannan ina ajiye waya da kwanciyar hankali. Harshen na Turanci ne, amma kunyar tamu ce, kuma ni na dasa mata ita.

Na huɗu: abin da ofishinki ya sani.

Da rani aka yi wani suna a Morris Heights. Maman Hafsa ta hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu ta je. A can sai wata mata ta ji an ce ga wadda 'yarta ke makarantar kwana, sai ta matso ta tambayi wace makaranta. Mahaifiyar Zainabu ce, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ja Maman Hafsa gefe ta ce, “Hajiya, ke ce uwan Hafsa? Wallahi yarinyana ya yi kuka saboda ku. Ya ce an ba shi amana, ya kasa faɗi gaskiya.”

Ga abin da ta faɗa. Ranar da Zainabu ta zagaya da mu, ta riga ta cike takardun neman canjin makaranta. Shekara guda ta yi tana roƙon iyayenta su ɗauke ta. Takardun sun bi ta ofisoshinku, malamanku sun rubuta mata shaida. Duk da haka sunanta yana cikin masu zagaye, kuma duk lokacin da takardar wani iyali ta nuna Musulmi ne ko 'yan Afirka, ita ake kira, ko da tana cikin aji. An ba ta hanyar da za ta bi da baƙi, ƙofa bayan ƙofa. An ba ta 'yan katuna masu amsoshin tambayoyin da iyaye suka saba yi. Makullin ɗakin sama kuwa a hannunta ake sa shi da safe, ta shimfiɗa darduma kafin baƙi su iso, ta naɗe bayan sun tafi.

Kwana ɗayan da ta roƙa sau uku, so take ta keɓe da Hafsa, yarinya da yarinya, ta gaya mata komai, ita kuma Hafsa ta san yadda za ta gaya wa uwarta. Wannan ita ce kaɗai hanyar da tarbiyyarta ta bar mata a buɗe. Ni na rufe ta, da sunan tarbiyyar.

Ranar da na ji wannan labari na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na zo ƙasar nan. Na kira Hafsa falo, na ce mata yau ba gaisuwa nake yi ba, tambaya nake yi. Ta daɗe tana kallon kafet. Sannan ta faɗi abin da na jera a sama, ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuka ba. Uwarta ce ta yi.

Na biyar: inda laifinku ya tsaya, inda nawa ya fara.

Ba na cewa kun umarci Zainabu ta yi ƙarya. Na tambayi uwarta, ta ce ba wanda ya ce mata ta yi. Ina ma tsammanin wanda ya fara haɗa iyali da ɗalibi mai kama da su da kyakkyawar niyya ya yi, don baƙo ya saki jiki. Mun kuwa saki jiki, har fiye da kima.

Abin da ba ku sani ba, ko kuka sani ba ku damu ba, shi ne wannan. Yaron da ya tashi a gidajenmu ba ya kushe masu riƙonsa a gaban baƙo, balle baƙon sa'an ubansa ne. In babba ya tambaye shi yadda yake, godiya ga Allah zai yi. Ba ƙarya yake yi ba, ladabi yake yi, kuma duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba daga bakin yaro a tsaye a gaban manya ake jin gaskiyar gida ba. Na san wannan sarai. Da a Kano ne, da na nemi uwar yarinyar na aika matata ta je ta zauna da ita. Amma a ranar, ganin hijabi da jin Hausa a wurin da ban zata ba ya sa na manta abin da na sani. Ɗan Ba'amurke mai zagaye wata ƙila zai ɗaga kafaɗa ya ce wa iyaye abincin ba daɗi, kowa ya yi dariya. Tamu ba za ta iya ba. Saboda haka in kuka sa 'yarmu a gaban iyayenmu, kun sami shaidar da ba za ta taɓa faɗin aibinku ba, kuma ita ce shaidar da muka fi yarda da ita. Ko da gangan ko ba da gangan ba, kun ci ribar kunyar 'ya'yanmu.

Abu ɗaya ne ba zan iya nema muku uzuri a kai ba: sa yarinyar da kuka san tana haɗa kayanta ta tsaya a matsayin fuskar makaranta. Wannan ba rashin sanin al'ada ba ne. A ɗakin maganinmu, in an san kwalba za a janye ta, ba a ajiye ta a gaban teburin bayar da magani.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Na ce wa Hafsa ta dawo gida, akwai makarantu a Brooklyn. Ta ƙi. Ta ce malamin kimiyyarta ya buɗe mata abin da ba ta san tana so ba, ta yi ƙawaye biyu na kirki, kuma ba za ta bar wuri saboda makulli ba. Karatunku yana da kyau, ban taɓa musun wannan ba. Da an gaya mana gaskiya tun farko, mai yiwuwa da mun kawo ta duk da haka, amma da shiri, da sanin ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Wata bakwai ɗin da ta yi ita kaɗai da damuwarta su ne ba za su dawo ba.

Ga buƙatuna, ba su da yawa.

A bar ɗakin sama a buɗe kullum, ko kuma a cire shi daga hanyar zagaye. Duk wanda kuka zaɓa na yarda, muddin abin da baƙo ya gani ranar Asabar shi ɗalibi zai tarar ranar Talata.

Ɗalibin da ya nemi canjin makaranta a sauke shi daga aikin zagaye, saboda shi da kuma saboda baƙin.

In za ku haɗa iyali da ɗalibi mai addininsu ko asalinsu, ku haɗa su har da iyayen ɗalibin. Ku ba su lambar waya, da izinin masu ita. Manya da manya za su yi maganar da yaro ba zai iya ba. Mahaifiyar Zainabu tana nan, tafiyar jirgi ɗaya daga gidana, duk tsawon wannan lokaci, ban sani ba.

A rubuta wa Zainabu takarda daga ofishinki. Ba sai an yi dogon bayani ba. A gaya mata nauyin da ta ɗauka ba nata ba ne. Mu mun riga mun je gidansu, Maman Hafsa ta kama hannunta ta ce ta sauke mata amanar, ni kuma na ba ta haƙuri a gaban iyayenta. Yarinyar tana shirin shiga jami'a yanzu. Ko a ranar ba ta ɗaga ido ta kalle ni ba.

Saura takardarku. Na so in ƙi sa hannu, in huta. Hafsa ce ta ce in na ƙi, wata za a ba, ko kuma a ba mutanen Park Hill wanda bai san abin da za su tambaya ba. Na yi kwana uku ina juya maganar, na ga ta fi ni gaskiya. Zan sa hannu, amma ina so ki san wadda za ki tura.

Ranar Lahadi na kira ta. Shekara goma sha biyar ina koya mata kada ta kai ƙara gaban manya, kada ta kunyata masu riƙonta, in an tambaye ta ta ce Alhamdulillahi. Na ce mata a ranar zagayen mutanen Park Hill, rana ɗaya tak, na ɗage mata. Ta gaishe su yadda aka koya mata, ta rusuna, ta karɓi abin da uwar ta ba ta da hannu biyu. Amma in uban ya idar da salla a ɗakin sama ya juyo ya tambaye ta, ta gaya masa wa ya shimfiɗa dardumar da safe da kuma inda makullin yake kwana. Ta gaya masa na malamin kimiyya ma, don shi ma gaskiya ne. Ta ce, da Hausa wannan karon, “Abba, in kuma na kasa fa?” Na ce in ta kasa ba komai, ni na jawo, sai ta miƙa masa takardar da zan aiko mata. Lambata ce a jiki, da layi biyu.

Ga ɗan'uwana na Park Hill, wanda ban sani ba, in wannan wasiƙa ta riga 'yata isa gare ka: za ta roƙe ka ka bar 'yarka ta kwana ɗaya a ɗakinta. Na san abin da zai fara zuwa bakinka, don ya zo nawa sau uku. Ka kira ni kafin ka faɗe shi.

Ranki ya daɗe, ina roƙon Allah Ya yi miki jagora a kan wannan aiki, Ya sa 'ya'yan mutane da ke hannunku su fita da ilimi da lafiya, Ya ba ki zuciyar sauraron abin da yara ba sa iya faɗa da baki. Ina jiran amsarki kafin Asabar ɗin da aka sa wa Hafsa.

Wassalam.

Mahaifin Hafsa,
Flatbush, Brooklyn.